Irin na Jiya

Ranar Laraba mai zuwa ƙanena Isuhu zai cika shekara shida a ƙasa. Na ƙirga da yatsu na sake ƙirgawa, don ni a kunnena abin bai kai haka ba, kuma dalilin rashin kaiwar ne ya zaunar da ni nake wannan rubutu. Ku yi haƙuri da hannuna. Karatuna aji huɗu ne na firamare a Rano, sai ɗan abin da na tsinta a makarantar matan aure bayan an kawo ni Kibiya. Ban iya jera magana irin ta 'yan jarida ba. Abin da Allah Ya ba ni kunne ne. In aka faɗi magana a gabana, da muryar da aka faɗe ta nake ajiye ta.

Isuhu ne autanmu, ni na goye shi. Ya yi karatun kwamfuta a Kano, kowa ya ɗauka can zai zauna, sai ga shi ya dawo Rano ya kama aiki da wata ƙungiyar manoma da makiyaya. Aikin nasa isar da saƙo ne. Akwai babbar na'ura a Kano da duk mai sanarwa yake aika wa: malamin gona, malamin dabbobi, masu duba yanayin ruwa, limamai da masu unguwanni. Kai kuma da kake ƙauye sai ka yi rajistar lambarka a irin labarin da kake so. Mai shanu ya zaɓi na rigakafi, mai tumatir ya zaɓi na tsutsa da feshi, dattawa kuwa kusan dukansu na rasuwa suka zaɓa. Mai aikowa bai san wa zai ji ba, mai ji bai damu da wa ya aiko ba. A tsakaninsu akwai wasu 'yan akwatuna masu sola da Isuhu ya kafa, ɗaya a Kibiya, ɗaya a Tarai, ɗaya a Rurum Sabon Gari. Saƙo ya sauko daga Kano cikin akwati, akwati ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya yana buga musu waya yana faɗa musu da murya, tunda yawancinmu ba ma karanta rubutun waya.

Abin da ya hana shi sukuni sabis ne. Murya tana da nauyi, hanyar kuma ba ƙarfi. Saƙon da aka aiko da hantsi sai la'asar yake gama sauka a Tarai, wani ma ya tsinke a tsakiya a koma farko. An taɓa sanar da zuwan masu rigakafin shanu, saƙon bai isa Rurum ba sai da motarsu ta juya.

Wata ranar kasuwa ya biyo ta gidana, na zuba masa dambu, ya tasa shi a gaba ya ƙi ci. Yana ta kunna saƙonnin a wayarsa yana tsaki. Ina tsintar shinkafa ina ji. Da ya kunna kamar goma na ce, "Kai ɗan nan, ka ishe ni. Ai duk magana ɗaya ce."

Ya ce, "Yaya, ki bar abin da ba ki sani ba. Wannan na Tarai ne, wancan na Rurum."

Na ce, "Jelar ce ta bambanta, kan duk ɗaya ne. Sallama ɗaya, 'ana sanar da makiyaya' ɗaya, 'a fito da dabbobi da wuri' ɗaya. Sunan gari da rana kawai ake canzawa. Ni in na leƙa ta katanga wajen Talatu mai waina, ka taɓa ji na tsaya ina lissafa mata guda nawa, da miya ko da ƙuli? Cewa nake, Talatu, irin na jiya. In da ƙari in faɗi ƙarin."

Ya zuba mini ido har na tsargu. Can ya fashe da dariya ya ce, "Shekara huɗu ina wahala a Kano, ashe a katangar Talatu ake koyarwa." Ya ce masu ilimin abin sun daɗe da sanin a ajiye abin da ake yawan nema kusa da masu nemansa, shi ne dai bai taɓa kawo wa ransa ya raba saƙo kai da jela ba. Ya cinye dambun tas ya nemi ƙari.

Haka ya yi. Ya zauna ya karanta kawunan saƙonnin duka da bakinsa, don ba a samu wanda zai karanta kyauta ba, ya ba kowane kai lamba, ya zuba su cikin akwatunan. Daga nan Kano ba ta ƙara aiko da saƙo cikakke ba. Sai ta aiko da lambar kai da 'yar jelar da ta canza, akwati ya ɗauko kan daga ajiyarsa ya haɗa ya buga wa mutane. Abin da yake wuni a hanya ya koma kafin ka gama alwala ya iso. A ofishinsu ma sunan da suka sa wa tsarin ke nan, Irin-na-jiya, kuma duk inda ya zauna sai ya ce yayarsa ce injiniyar.

Abu guda ya nanata mini, ban ba shi muhimmanci ba a lokacin. Cikin akwatin ƙarami ne. Duk kan da aka daɗe ba a nema ba, akwatin da kansa yake zubar da shi ya ba wani wuri. Na ce ai wannan ɓarna ce, ka sha wahala ka karanta. Ya ce, "Yaya, in ba ya zubarwa, wata rana zai faɗa wa mutane zancen bara su ɗauka na yau ne."

Ciwon da ya ɗauke shi na kwana huɗu ne. Ya cika da sassafe a gidanmu na Rano, aka sa jana'iza bayan azahar. Abokin aikinsa Malam Nasiru, mutumin Kano, shi ya tura sanarwa, ya yi kamar yadda aka saba: lambar kai, sannan jela. Ina zaune a tsakar gida cikin mata wayata ta yi ƙara. Na ɗauka na kara a kunne. Sai na ji Isuhu, da 'yar shaƙewar nan tasa ta mai mura, yana cewa, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana sanar da 'yan'uwa Musulmi rasuwar," sai muryar Malam Nasiru ta ƙarasa da "Malam Yusufu na Rano." Gawarsa tana ɗaki, tsakanina da ita bai fi taku biyar ba.

Ba wanda ya yi laifi, amma ga abin da ya faru. A ƙauyukan nan ba wanda ya san shi da Malam Yusufu. Isuhu ne, ko Isuhu mai akwati. Mutane suka ji muryarsa garau yana sanar da rasuwar wani Malam Yusufu, suka ce Allah Ya jiƙan Musulmi, suka koma bakin noma. Wa zai kawo wa ransa mai sanarwar ne mamacin? Mutanen da ya yi shekaru yana wa hidima, kaɗan ne suka samu sallarsa. Bayan la'asar wayarsa da ke hannuna ta yi ƙara. Arɗon wata ruga ne ta wajen Rurum, amininsa, wanda yake aiko masa da kindirmo. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Isuhu, wane Yusufun ne kuma ya rasu a garinku? In na kusa da ku ne in shigo gaisuwa gobe."

Na ce, "Arɗo, yayarsa ce. An kai shi."

Ya ce, "An kai wa? Yanzu fa ya yi mini magana."

Ban san me na ce masa ba. Na dai ji ya kashe wayar.

Bayan an yi arba'in ƙungiyar ta sa wani ya sake karanta kawunan a Kano. Amma ba su canza lambobin ba, akwatunan kuwa lamba suka sani. In aka ce musu kai na bakwai, suna da na bakwai a ciki, me za su nema? Haka muryar Isuhu ta ci gaba da aiki. Da na gane haka sai na yi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Na yi rajistar lambata a komai. Ni da ba ni da ko akuya ina cikin masu jiran rigakafin shanu. Ba ni da fadama, ina cikin masu feshin tumatir. Na san muddin akwai mai ji a Kibiya, akwatin ba zai zubar ba. Wata rana sau uku yake yi mini sallama ina amsawa. Maigidana Alhaji ya gani ya kau da kai, Allah Ya saka masa.

Sai abubuwa suka fara tafiya. Akwatin Tarai tsawa ta ƙone shi. Na Rurum aka sauya shi da sabo mai sabuwar murya. Aka kafa ƙarfen sabis a bayan gari, kowa ya sayi babbar waya, sanarwa ta koma zaurukan hira na waya. Malamin gona ya daina aikowa, na dabbobi ya yi ritaya, wanda ya gaje shi bai ma san da tsarin ba. Kan da aka daina nema, akwatin ya zubar, kamar yadda mai shi ya koya masa. Na tsutsa ya tafi. Na ruwan sama ya tafi, wanda na fi so, don a cikinsa yana cewa "in Allah Ya yarda" yana ɗan jan ƙarshen kamar yadda babanmu yake yi. Ban san ranar da ya tafi ba. Damina ce ta zo ta wuce ban ji shi ba.

Nakan ce da Isuhu zai leƙo ya ga yadda ake yi yanzu, da tsakinsa ya ishi unguwa. Wayar Alhaji kullum a cike take. Hoto ɗaya mutum goma sha za su turo masa, kowanne ya sauka daban ya ci wurinsa ya ci data. Ba mai cewa irin na jiya ne, ka riga ka samu. Ba kuma mai zubarwa. Kwanakin baya wani ya tono sanarwar rasuwar wani dattijo da ya shekara uku a kabari ya sake turawa, har mutane suka cika mota daga Rano suka zo gaisuwa. Abin da ya faɗa mini a kan dambu ke nan, ga shi ina gani da idona. Amma ba na jin zai tsaya kan tsaki. Zama zai yi ya fara tunanin yadda za a gyara, ya bar abinci ya huce.

Ni kuwa abin da ya rage mini kai ɗaya ne, na rasuwa, don limamai biyu ba su daina aikowa ba, mutuwa kuma ba ta daina zuwa ba. Kun ga inda na tsinci kaina. Ba na jin muryar ƙanena sai wani gida ya yi rashi.

A daminar da ta wuce aka yi kusan wata biyu shiru. Rannan ina tankaɗe waya ta yi ƙara, na ga lambar akwati ce, na watsar da rariya na ɗauka da gari a hannuna. Ya ce inna lillahi, na ji bakina ya buɗe da murmushi. Sai jelar ta zo. Talatu ce. Talatu mai waina, da aka kai asibiti Kano kwana uku kafin nan, wadda muka shekara ashirin da wani abu muna magana ta katanga. Murmushin yana kan fuskata lokacin da aka faɗi sunanta. Na zauna a ƙasa na yi ta istigfari, amma na riga na ga abin da na zama: mace mai jiran a mutu.

Makon jiya Malam Nasiru ya zo har gida. Ya yi furfura shi ma. Ya ce batirin akwatin ya gaji, sau biyu yana canzawa ba da sanin ƙungiya ba, kuma a layin rasuwa na Kibiya saura mu huɗu, ukun ma 'ya'yansu suna faɗa musu tun kafin akwati ya buga. Ya ce, "Hajiya, ba zan sauke shi ba sai da izininki. In kina so in kwafe miki muryar a waya, ki riƙa ji duk sanda kika ga dama."

Na ce ya kunna mini ita kaɗai, ba jela. Ya kunna. "Ana sanar da 'yan'uwa Musulmi rasuwar," sai shiru. Magana ce da bakinta yake buɗe tana jiran suna. Na ce, "Malam Nasiru, in na ajiye wannan a ɗakina, sunan wa zan riƙa sa mata?"

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya raya mini in ce a bar shi har tawa ta zo, autanmu ya sanar da rasuwata da bakinsa. Na kwana biyu da wannan tunani. Amma na gaji, kuma ina jin shi ma na gajiyar da shi. Yaron da ya dawo gida don saƙo ya isa kan lokaci, na tsare shi shekara shida yana aikin da ya fi kowane ɗaci, don kawai in ji sallamarsa. Shi da kansa ya sa wa ajiyarsa ranar zubarwa. Ni ce na hana ranar zuwa.

Me zai rage in an sauke? Makiyayan da shanunsu suka samu allura a kan kari sun sani, ko ba su faɗa ba. Arɗo har yau duk shekara yana aiko mini da kindirmo ba tare da saƙo ba, kuma na san abin da ƙwaryar take cewa. Muryar kuwa, na gaya muku tun farko kunne Allah Ya ba ni. Ina da dariyarsa ta ranar dambu, ina da "Yaya, ki bar abin da ba ki sani ba," ina da kukansa yana goye a bayana. Waɗannan ba su taɓa shiga akwati ba, kuma ba sai an mutu nake jin su ba.

Na ce wa Malam Nasiru ya zo ranar Laraba da tsaninsa ya sauke akwatin. Allah Ya jiƙan Isuhu, Ya jiƙan Talatu, Ya yafe mini murmushin nan. Ranar da tawa ta zo kuma, roƙona ɗaya: a tashi mutum da ƙafarsa ya je rugar Arɗo ya faɗa masa baki da baki, kuma ya faɗi sunan da aka san ni da shi. Ya ce yayar Isuhu ce.