Duna da farantin ƙuli-ƙuli

Jama'a, yau na ga ta kaina a hanyar Sara!

Kun san Duna, baƙin karen nan nawa. Wata biyu ina koya masa tafiya ba igiya. In na yi fito ya dawo ya zauna a gabana, sai in ba shi ƙuli-ƙuli. Mai unguwa kuwa ya ja mini kunne, ya ce ranar da ya taɓa mutum sai dai in rabu da shi.

Yau da hantsi muna dawowa daga gona, na ce bari in gwada shi. Na kwance igiya. Sai ya ɗaga hanci, ya zuba da gudu! Na yi fito, ko waiwaye. Ashe wata tsohuwa ya nufa, ta sauke faranti a gindin mangwaro.

Ta ɗau salati: "Innalillahi! Mai kare, zo ka kama abinka!"

Na ce, "Inna, kar ki gudu!" Na ruga har takalmina ya tsinke.

Ina isa me zan gani? Duna zaune a gabanta, ko motsi ba ya yi, ya ƙura wa farantin ido. Ƙuli-ƙuli ne fal! Bai kai baki ba, jira yake a ba shi.

Ita kuwa ta jefa masa guda biyu, ta ce, "Ikon Allah! Malam, ko za ka karɓi jikokina su ma? Su wawura suke yi."