Turaren da ya ja wa dattijo bulala

Akwai wata rana da ba za ta taɓa fita daga raina ba, har yau in na ji ƙamshin sabon takalmi sai gabana ya faɗi. Zamanin mulkin soja ne, sanda sabulu da madara sai an bi layi, wanda kuwa aka kama da kayan waje na fasa-ƙwauri ya shiga uku.

Ina koyarwa a wata firamare a Ikara. Yayana, wanda kamfanin takalman da yake wa aiki ya tura Italiya ƙaro ilimi, ya kawo mini tsarabar turare a 'yar kwalba mai nauyi. Ya ce ƙamshin shagon dukawan can aka kwaikwaya, wato jimammiyar fata da man goge takalmi da ɗan itace. Muna hutu, ranar kasuwar Makarfi, na fesa shi son raina, na jefa kwalbar a jaka na shiga mota. Ƙuruciya ke nan.

Ba mu yi nisa ba sojoji suka tare mu. Wani kofur ya leƙo ta taga, ya ja hanci.

"Wa ya ɗauko takalman waje? Kowa ya sauko!"

Muka sauko. Dattijon da ke kusa da ni yana rungume da wani ƙullin buhu, kuma ƙamshin duk ya kama rigarsa. Kansa kofur ya nufa.

"Baba, kwance buhun nan."

"Mazarƙwaila ce, ɗana, wallahi mazarƙwaila ce."

Ya kama kwancewa, igiyar ta ƙi kwantuwa. Sai ji na yi an zuba masa bulala a gadon baya. Hularsa ta faɗi, dattijo sa'an mahaifina ya durƙusa yana salati. Ni kaɗai na san inda ƙamshin yake, na kuma san in na yi magana kaina za a dawo. Da kofur ya sake ɗaga hannu, ban san sanda na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce. Turare ne," ba.

Ya karɓi kwalbar, ya shinshina, ya ƙura wa rubutun jikinta ido.

"Mutane na layin sabulu, ke kina fesa wannan?"

Ya maka ta da kwalta. Ya sa na yi gwiwa biyu a rana, hannu sama, bakin bindigar abokinsa na lilo daidai fuskata. Na gama sallamawa bariki za a wuce da ni, ina tunanin wa zai kai wa mahaifiyata labari. Dattijon nan, bayansa na tsattsafo da jini, shi ya matso ya ce, "Ka bar mini ita, ɗana, 'yata ce." Kofur ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi tsaki ya ce mu ɓace.

A mota na yi ta kuka ina ba shi haƙuri. Ya ce, "Kin yi magana, ai shi ke nan."

Tun ranar na gane cewa tsoro ba laifi ba ne, amma in wani na shan dukan da ba nasa ba, shirunka ma bulala ne.