Ranar da Dattawan Dakko Suka Ɓuya

Na taɓa tsayawa a bakin titi a wani ƙauye na ƙasar Faransa, an tare hanya, aka ce mini tseren keke na mata ne zai wuce. Matan nan sana'arsu ke nan, da ita suke ci. Kwanaki suke yi suna tsere, yau daga wannan gari zuwa wancan, gobe a tashi daga inda aka kwana, a ƙarshe a haɗa lokacin kowace, wadda nata ya fi kaɗan ita ta ci. Suka taho a dunƙule kamar tsuntsayen gero, suka wuce kafin in gyara tabarau. Tsofaffi na tsaye suna tafi, babu wadda ta ko waiwaye su. Mutumin da ke kusa da ni ya tambayi abin da ya ba ni dariya. Na iya Faransanci daidai gwargwado, amma bai kai in yi masa bayanin Dakko ba.

A shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori, ni ne ɗaya daga cikin tafintocin Turawan Italiya da ke aikin. Shekarun suna da nasu baƙin ciki, wanda duk mai gona a yankin ya sani, amma ba shi zan faɗa ba yau. Na dawo daga yawona na farko da Larabci da ɗan Faransanci, Italiyanci kuwa a bakin aiki na tsince shi, rabinsa zagi ne.

Yayata ungozoma ce a Talata Mafara. A lokacin, mace ta hau keke abin kallo ne, amma ita an daina kallonta, domin duk wanda ya yi mata dariya da rana, watarana shi zai zo ƙofarta yana roƙon ta yi sauri. Keken na mijinta ne, na maza mai sanda a tsakiya, sai ta sa wando ƙarƙashin zani, ta ɗaure akwatin aikinta a baya. Da shi take kaiwa ƙauyukan da ƙafa ba za ta kai ta a kan lokaci ba. To sai mijin ya sami aikin gadi a wajen madatsar ruwan, ya ce daga sabon wata kekensa yake so. Ba mugunta ba ce, wurin da nisa. Amma in keken ya tafi, rabin matan da take dubawa sun fita hannunta.

Ana cikin haka matar wani injiniya, wadda ta yi tseren keke a ƙasarsu kafin aure, zaman gida ya ishe ta, ta ce za ta shirya wa mata tsere na kwana uku. Zangon farko daga Maradun zuwa Talata Mafara, na biyu zuwa Bakura, na uku daga Bakura a zaga ta Dakko a dawo. Wadda ta ci za a ba ta sabon keken mata mai kwando a gaba. Ita ba za ta hau ba, za ta bi su a mota, ni kuma in zauna kusa da ita in riƙe agogo. Mata bakwai suka shiga har da yayata, sauran matan Turawa ne da ma'aikatan asibiti, da wata malamar makaranta 'yar Gana, doguwa, mai ƙafa kamar tabarya. Mijin yayata bai hana ba. Ya ga in ta ci, kekensa ya dawo ba tare da an yi kwana uku ba a yi masa magana a gida ba.

Ranar farko na gane yayata ta fi su duka. Wadda ta saba tuƙi cikin yashi da akwati a baya, da aka sa ta a hanya mai kyau babu kaya, sai ta zama kamar an kwance akuya. Amma ba mu yi nisa ba na ga ta ja birki ta sauka. Limamin wani ƙauye ne zaune a gindin tsamiya. Ta jingine keke, ta durƙusa, aka fara daga kwana, aka bi ta gajiya, da gida, da yara, da sanyi, da mai jiki. Malamar ta wuce tana kaɗa ƙararrawa. Yayata ta hau, ta kamo ta, ta wuce ta, sai ga wata tsohuwa da ta karɓi haihuwar jikokinta uku. Sau huɗu ta wuce malamar a ranar, sau huɗu malamar ta same ta a durƙushe.

Baturiyar ta yi ta tambayata ko kacar keken ce ke zamewa. Na ce gaisuwa ce. Ta ce ai ana iya ɗaga hannu. Na yi mata bayani cewa na ga inda ake gaisawa ana tafiya, kamar a Khartum, na ga nasu na Italiya da kalma ɗaya ke isa shiga da fita, amma a nan mace ta ɗaga wa liman hannu daga kan keke, gara ta bi ta kansa da keken, za a fi saurin yafe mata. Na roƙi a riƙa cire lokacin gaisuwa daga lissafi. Ta ce a duk dokokin tsere da ta sani babu wannan.

Da yamma na ce wa yayata ta riƙa sunkuyar da kai kamar ba ta gani ba. Ta dube ni ta ce, "Malam tafinta, kai da ka gama tseren mota za ta kwashe ka. Ni gobe gidajensu zan shiga."

Rana ta biyu Allah ya taimake mu, hanyar ta bi gefen babbar magudanar ruwa, babu kowa sai balbelu da wani Bafulatani can nesa, wanda na gaishe shi da Fulatanci ta tagar mota don kada yayata ta ji nauyinsa. Ta isa Bakura ita kaɗai. Da na haɗa lokaci, abin da malamar ta fi ta bai kai minti biyu ba. Saura zango ɗaya, amma zangon ya ratsa Dakko, kuma Dakko garin surukanta ne. Uban mijinta kullum yana zaune a ƙofar gida, a bakin hanyar, da ƙannensa da abokansa. Gaisuwar wannan majalisa kaɗai ta isa a dafa shayi a sha.

Bayan la'asar na tafi wurin tsohon. Na gama tawa gaisuwar, wadda ita ma ta ɗauki lokaci, na roƙe shi ya yafe mata ta gobe. Ya ƙi. Ya ce in ya bari ta wuce shi a kan keke, jibi kowace suruka a garin daga kan jaki za ta gaishe shi. Ya ja carbinsa, sannan ya tambaye ni ko mutum na gaida wanda bai gani ba. Na ce a'a. Ya ce to gobe ba za ta ga kowa ba. Amma da sharaɗi, kada ta ji labari, domin in ta san yana nan ya ɓuya, daidai yake da ta gan shi. Na fito ina jin duk ƙasashen da na taka ban gamu da mai hikimarsa ba.

Washegari yayata ta fita daga Bakura kamar an harba ta. Kafin Dakko ta ba malamar tazarar da ta wuce abin da take nema. Muka shiga gari a bayanta. Tsohon ya cika alkawari har ya zarce. Ba majalisarsa kaɗai ba, gari duka ya ɓace. Babu mai sayar da goro, babu masu saƙar tabarma, ƙofar masallaci wayam, tabarmar tsohon a shimfiɗe da butarsa, shi babu. Ina murmushi, sai na ga ta rage gudu. Ta dubi dama, ta dubi hagu. Sannan ta sauka.

Abin da ni da mai hikima ba mu tuna ba shi ne, a ƙasarmu abu ɗaya ne ke kwashe dattawan gari daga ƙofar gida da hantsi. Ta jefar da keken a tsakiyar hanya, ta ja mayafi, ta nufi gidan surukanta tana salati tana tambayar wa ya rasu. Na yi tsalle daga mota ina kiranta, ba ta ji ba. Ta zaga ta bayan rumbu don ta shiga ta ƙofar mata, sai ta yi kiciɓis da surukinta a tsugune, ya tattare babbar riga a cinya, yana leƙen hanya ta tsakanin rumbuna biyu, ƙannensa uku a jere a bayansa.

Suruka ba ta tsayawa sama da surukinta. Da yake shi a tsugune yake, sai da ta kusa kwantawa.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau. Tashi ki tahi."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ɗiyata, kekenki."

"Ya mutanen gida?"

"Duk suna bayan rumbu lahiya. Ki tahi, don Allah."

Ba ta tafi ba sai da ta bi ƙannen uku ɗaya bayan ɗaya. Muna nan muka ji ƙararrawar malamar ta wuce.

Yayata ta bi ta, kuma ban taɓa ganin an tuƙa keke haka ba, har a Faransa. Ta kamo ta, ta wuce ta, ta riga ta isa. Amma da na haɗa kwana uku, malamar ta tsira da abin da bai kai rabin minti ba. Agogon yana hannuna, Baturiyar tana kallon wani wuri, na daɗe ina duban allurar nan. Na faɗi gaskiya. Malamar ta tafi da keke mai kwando, ta kuma cancanta, don ita ba ta san me ake yi a bayan rumbu ba.

Yayata ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ta wanke keken, ta shafa wa kaca mai, ta jingine shi a zaure don mai shi.

Kwana biyu kafin sabon wata tsohon ya aika a kira ɗansa, ni ma aka ce in zo. Ya tambayi ɗan ko gaskiya ne motar kamfani na kwasar ma'aikata kowace safiya. Ya ce gaskiya ne, amma a tsaye ake tafiya, an cushe kamar buhuna. Tsohon ya ce tsayuwa ba ta kashe mai gadi. Ɗan ya fara cewa ai keken nasa ne, tsohon ya ɗaga hannu.

"Matar da ta ga surukinta tsugune bayan rumbu, ta gaishe shi kamar yana kan buzu, ba ta kuma gaya wa kowa ba, ba a karɓe mata keke."

Haka keken ya zauna a hannunta. Kuma gaskiyar tsohon ce, har ta koma ga Allah ba ta taɓa ba kowa labarin nan ba. Ni ne mai bakin.