Buroshin Harmen Oosting

A shekarar 2019 ne hukumar wasan sofbol ta yankinmu, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, ta shigo da agogo cikin fili. Daga ranar, mai jifa ba ta da fiye da daƙiƙa ashirin kafin ta saki ƙwallo, kuma duk alƙalin da aka kama yana ɓata lokacin wasa har sau uku, za a soke sunansa.

A lokacin Harmen Oosting ya shekara talatin da ɗaya yana alƙalanci. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutumin da ya san darajar minti. Tun rasuwar matarsa Aaltje, Asabar ce kaɗai ranar da ake yi masa magana, ko da zagi ne daga 'yan kallo. Bayan wasa yakan ci burodinsa da cuku shi kaɗai a ɗakin sauya kaya, domin alƙali ba ya zama da kowane ɓangare.

Gargaɗi biyu ya riga ya samu. Ranar Asabar ta ƙarshen Yuni, hukuma ta aiko da mai sa ido, ya zauna a benci da agogo a hannu.

Marit, mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu, ta tsuguna a gabansa.

"Baba Harmen, yau ma a gida ka bar tabarau?"

"Jifar ƙawarki ba ta buƙatar tabarau, 'yar nan. Kullum ƙasa take nema."

Ana dab da tashi, ƙwallo ta goge sandar mai bugu ta daki Marit a ƙashin wuya. 'Yan ƙungiyarta su tara ne cif, ba mai canji, kuma sun cinye damarsu ta tsayar da wasa. Da Harmen ya kira mai duba rauni, za a fitar da ita, wasan ya faɗi a kansu.

"Kada ka kira kowa, Baba," ta ce a hankali. "Numfashi kawai nake nema."

Akwai wata tsohuwar al'ada tsakanin alƙali da mai cafewa, tun da wuri ɗaya suke shan bugu. Idan ta ji ciwo, alƙali yakan ɗaga hannu, ya zaro ɗan buroshinsa, ya share farin farantin roba da ke gaban mai bugu, ko da ba ƙura a kansa. Harmen ya dubi mai agogo, mai agogo ya dube shi. Sai ya cire ƙarfen da ke kare fuskarsa, ya zagayo, ya sunkuya. Ya share tsakiya, ya bi kusurwoyinsa biyar ɗaya bayan ɗaya, ya sake komawa ta farko.

"Kai tsoho!" in ji kocin ɗaya ɓangaren. "Dankali za a zuba maka a farantin ne?"

"Wanda ya san tsabta ai ba zai tambaya ba," in ji Harmen, bai ko ɗago ba.

Bai miƙe ba sai da ya ji numfashin Marit ya daidaita. Ta ƙarasa wasan, ko da yake an cinye su. Takardar sallama ta iso masa ranar Laraba.

Yanzu shekarunsa saba'in da huɗu. Marit ta koma wani gari da aiki. Kowace Asabar yakan hau kekensa ya je fili, ya zauna a ƙarshen benci, buroshin yana cikin aljihun kwat ɗinsa. Sababbin 'yan wasan ba su san sunansa ba.