Rantsuwar da Ta Rufe Bakin Alhaji Bala

A zamana na Guangzhou na yi kurakurai da yawa, amma wanda ya fi ci mini rai shi ne rantsuwar da na yi cewa Alhaji Bala Mai Jaka ba mawaƙi ba ne. Ku da kuka san marigayi kun san ƙarya na yi. Duk wanda ya taɓa kwana a benenmu ya san ana idar da sallar Asuba Alhaji zai kurkure maƙogwaro da ruwan citta, ya buɗe taga, ya saki wata siririyar murya mai tsawo, kai ka ce an taka wutsiyar kyanwa. Wani baƙo daga Kumasi ya taɓa fitowa a guje ba takalmi yana tambayar wa ya rasu.

Wai opera ce, wasan mutanen garin, wanda ake shafe fuska da fari da ja a hau dandamali ana waƙa. A lambun shaƙatawa ya tsince ta, wurin wasu tsofaffi da suke taruwa da goge da kuge. Na ce, "Alhaji, me waƙar take cewa?"

Ya ce, "Janar ne yake bankwana da matarsa."

"To me ya sa janar ɗin yake da muryar mace?"

"Matar nake yi, Malam Isa. Ba ku da kunne!"

Har gobe ban gane ba. Mutum da gemu da jikoki a Kano, ya zaɓi matar janar!

Kun tuna kaftanin nan? Masu wasan suna sa riga mai dogon hannu suna kaɗawa. Alhaji ya sa tela ya ƙara wa farar shaddarsa hannu har ƙasa. Ranar walimar suna ya miƙa hannu zai ɗauki nama, hannun riga ya riga shi shiga miyar kuka. Ko a jikinsa. Ya matse, ya ce wai na malaman wasan ma sai da suka sha miya kafin su ƙware.

A kasuwar Shiling kuwa, inda yake sarin jakunkuna, in mai shago ya ce masa "meyo", wato babu, sai Alhaji ya gyara tsayuwa ya fara waƙa. Ko don daɗi ne ko don a rabu da shi, Allah masani, amma kafin ya kai baiti na biyu an fito da kayan daga bayan shago.

Wata rana ya zo mini yana murmushi. Wata ƙungiyar masu wasan za ta ɗauki nauyin wasu mawaƙa su zauna gaban wata babbar malama su ƙaro sani, kuma tsofaffin lambu sun ba da sunansa. Sai dai ana son wani ɗan garinsu ya shaida cewa da gaske yake, ba wasa ba. Ya ba da sunana. Na ce to, ban ma saurara da kyau ba. Kaina ya ɗaure: yaya za a biya wa ƙato kuɗi don ya koyi kuka?

Matar ƙungiyar ta zo shagona da tafinta ranar da ya cika da 'yan Kano, manyan 'yan kasuwar Kwari, suna shan shayi. Tafinta ya ɗaga murya ya ce, "Abokinka mawaƙi ne?"

Kun san mu. Ka ce dattijo mai iyali mawaƙi ne a gaban mutanen gida, ai ka ce maroƙi ne, kafin magariba labari ya isa Fagge, can Kano. Ni a ganina mutuncinsa nake karewa. Na miƙe na ce, "Wallahi tallahi ba ya waƙa, kuma ba zai yi ba! Ɗan kasuwa ne ɗan mutunci." Matar ta yi godiya, ta tafi. Aka ba wani mutum gurbin Alhaji.

Da Alhaji ya ji, na zaci zai zage ni. Amma sai ya ce, "Da sunan Allah ka rantse?"

Na ce e.

"To ba ni zan mayar da kai maƙaryaci ba."

Jama'a, taurin kan Alhaji! Washegari taga a rufe. Maƙwabta suka yi barcinsu har da minshari, wasu har godiya suka yi mini. Na roƙe shi ya koma waƙarsa, ya ce rantsuwa ba rigar aro ba ce. Ni kuma girman kai ya hana ni yin abin da ya kamata. Sai da ciwo ya kwantar da shi sannan na je na ciyar da mutum goma, na zo asibiti na ce, "Na yi kaffara, Alhaji. Yi waƙarka."

Ya ce, "Shinkafa ka ba su ko taliya?"

"Shinkafa da kaza."

"To ta karɓu."

Ya gyara kwanciya ya fara. Muryar ta tafi, saura iska kawai. Wata tsohuwa da take jinyar mijinta a gadon kusa ta juyo, ta kama masa baitin a hankali har suka kai ƙarshe, tana share ido. Ni kaɗai ne a ɗakin ban san abin da ake cewa ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Bala, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mana baki ɗaya. Ku kuma yaran da kuke tasowa, ina roƙonku: in aka tambaye ku shaida a kan ɗan'uwanku, ku faɗi abin da yake, ko da ba ku gane shi ba.