Garin Laimar Kwaɗi a Ƙafar Baba

Daminar da na zo hutu daga jami'a, hauya ta sari Baba a ƙafa, a gonarmu ta bayan garinmu, Hawandawaki. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da noma. Kafin sati ƙafar ta kumbura tana wari, zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ruwa ya cinye hanyar Tasawa, inda asibiti yake. Masu moto duk sun ƙi fita.

Goggo, yayar Baba, ta shigo da wata busasshiyar laimar kwaɗi, irin doguwar nan mai fitowa gindin suri. Ta murje ta a tafin hannu, baƙin gari ya zubo.

"Da wannan uwarmu ke warkar da gyambo," in ji ta.

A shekarar nan aka nuna mana a aji yadda ruwan da ake tatsowa daga wasu laimomin kwaɗi ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa cikin faranti. Na gani da idona. Amma an gaya mana wasu guba ce zalla, ga wannan kuma da ƙasar suri a jikinta.

"Goggo, ban san ko wace iri ce ba."

"To kai da ka yi lakwal har jami'a, akwai magani cikinta ko babu?"

"Wataƙila akwai."

"Wataƙila za mu tsaya jira ƙafa ta ruɓe?"

Baba ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ku sa mani, ku kuma ɗaura ma shanu amalanke."

Na tafasa ruwa da gishiri na wanke ciwon. Na roƙi Goggo ta barbaɗa a gefe kawai, kada ta zuba ciki. Ta harare ni, amma ta yi hakan.

Da hantsi muka kama hanya. Sau da yawa shanun na kafewa cikin laka, sai na diro na tura. Baba ya fara kiran sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Goggo ta riƙe kansa tana salati, ba ta ƙara kallona ba.

Da la'asar muka isa asibitin Tasawa. Lokotoro ya kankare ciwon, ya yi ma Baba allurai, washegari aka yanke ƙaramin yatsan ƙafar. Na tambayi lokotoron ko garin laimar ya taimaka ko ya ɓata. Ya ce ba zai iya sani ba sai an gwada.

Baba ya tashi kafin girbi, yana ɗan ɗingishi. A kan amalanke ya zauna, muka yanke mashi gero.