Oganaizar da na saya don waƙoƙin Mama

Mama tana da waƙoƙin niƙa da na shuka a yaren ƙauyenmu na kudancin Kaduna, yaren da ni haifaffiyar Zariya ban iya komai a cikinsa ba sai gaisuwa da zagi. Shekarar da hawan jini ya matsa mata, na ɗauko ta ta dawo wurina a Samaru don mu yi kusa da asibitin Shika. Tana tsintar shinkafa a bakin ƙofa sai ka ji ta ɗauko waƙa ƙasa-ƙasa. Sa'o'inta duk sun rasu, kuma ta sha gaya mini in ta tafi waƙoƙin sun bi ta. Na ɗaura aniyar ɗaukar muryarta kafin ranar ta zo.

Maƙwabciyata ta ce in ari rakodarta ta kaset. Na yi mata kallon raini. Ni sakatariya ce a jami'a, kuma na ga wani malami a ofishinmu da ƙaramar kwamfuta daidai tafin hannu, oganaiza suke ce mata. Ana rubutu a fuskarta da ɗan tsinken roba, tana kuma ɗaukar murya. Na ce muryar uwata ba za ta zauna a abin da ake naɗe zarensa da biro ba.

Ran Asabar na hau bas zuwa shagunan PZ a Sabon Gari don in sayo irinta, ina zaton shiga ɗaya zan yi in fito. Ashe kamfanonin da ke ƙera ta sun fi ƙarfin lissafina. Ga ta Amurka, ga ta Japan, ga wata ta Taiwan mai fuska kala-kala. Wannan batir ɗin rediyo take ci, waccan sai an yi mata caji, alhali wutar unguwarmu sai ta ga dama take zuwa. Kowane mai shago ya rantse tasa ce ta gaske, ta maƙwabcinsa jabu ce. Na koma gida hannu rabbana da ciwon kai.

Daga nan abin ya zame mini sana'a. Na buga jadawali a ofis, kowane kamfani da layinsa. Na tambayi ɗalibai, suka ƙara rikita ni da Turancinsu. Na bi wani har gidansa a Jushi don an ce ɗan'uwansa yana aiko da masu kyau daga waje. Wani dattijo Ibo da na fi zuwa shagonsa ya gaji da ni, ya ce, “Madam, yau ma kallo ne? Duka suna kama magana. Ki ɗauki ɗaya ki tafi gida.” Na ji haushi, na daina shiga shagonsa.

Wata Litinin da na dawo daga aiki, Mama ta ce, “Ke, abin naki bai iso ba har yanzu? Yau muryata a buɗe take.”

“Ki bari sai Asabar, Mama. So nake in samo miki mai kyau.”

Ta ce to, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Wata biyu ke nan ina gaya mata Asabar.

Ran Laraba da hantsi maƙwabciyar nan ta zo har ofis ta kira ni. Mama ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ta rayu, amma magana ta tafi. Ranar da aka sallame mu na koma wurin dattijon nan, na ce ya ba ni ko wacce ce. Ya miƙo ta farko da hannunsa ya taɓa, bai tambaye ni komai ba, ni ma ban duba sunan kamfanin ba.

Na zaunar da Mama, na kara abin kusa da bakinta, na danna da tsinken. Ta gane abin da nake so, wannan ne ya fi ci mini rai. Ta buɗe baki, jijiyoyin wuyanta suka tashi, hawaye ya zubo ta ido ɗaya. Na yi ta gwadawa har ta kau da kai ta fuskanci bango. Kafin damina ta ƙare muka kai ta ƙauye muka binne.

Ban yafe wa kaina ba, kuma ba na jin zan yafe. Bayan makoki na kunna abin da na ɗauka, ko Allah zai sa wani abu ya shiga. Na'urar ba ta da laifi, ta kama komai sarai, har kukan kaji a tsakar gida. Ga numfashin Mama yana fita da ƙyar, sannan ga muryata a kansa, da ƙarfi, cikin ƙosawa, ina ta cewa, “Mama, ki rera mana. Ki rera, ga shi na kawo.”